Yakuwar Inna a Hannun Adiza

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki rage mini ƙarar fankar nan don ki ji ni da kyau. Maganar da zan yi miki ko Malam maigidana ban zauna na yi masa ita ba, don na san amsarsa. Zai ce, "Hansai, ganye ne fa." To ba ganye ba ne.

Yakuwata ta mutu bana. Ba irin wadda ake samu ko'ina ba ce, irin Innata ce, wadda ta ƙulla mini a bakin zane ranar da zan bar ƙauyenmu na wajen Kazaure. Mai lalle take ce mata, saboda karanta ja ne jawur kamar ƙafar amarya, tsaminta kuma ba ya kashe haƙori. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da ita a nan unguwar Highbridge ta New York, cikin bokitan fenti, a kan matakalar ƙarfen nan ta bayan taga wadda aka yi don gudun gobara. Idan sanyi ya fara leƙowa sai in shigo da ita ɗaki, ta yi furenta a makare a jikin gilashi, in sami ɗan abin da zan ƙulla na baɗi. Bana shukar farko wani sanyi da ya dawo daga baya ya cinye ta, sai na juye sauran irin gaba ɗaya na sake. Ta fito, har ta kai mini gwiwa. Sai Sadiya 'yata ta haihu can unguwar Port Richmond, na tafi zaman jego, ni da ko kantin ƙasan bene sai dole ke kai ni. Ina can aka yi zafin nan da kika sani, wanda kwalta ke kama takalmi. Mai kula da benenmu ya ce doka ta hana ajiye kaya a matakalar, ya sauke bokitan ya jera su a kan siminti wajen shara. Malam yana can yana tuƙi, bai lura ba. Na dawo na tarar da tsinke.

Inna ta daɗe da rasuwa. Gonarmu ta gida an yanka ta filaye. Na buga wa ƙannena, babu wanda ya ajiye ko ƙwaya. Duk faɗin duniyar nan gida ɗaya ne ya rage da mai lalle, gidan Adiza. Ita ce kuma wadda ba na so in roƙa.

Zafin banan ne ya tono mini wancan zafin, don haka bari in fara miki daga can.

Mu ba New York muka fara sauka ba. Malam ya sami aikin tuƙa tankar ruwa a wata gunduma can cikin Oklahoma, inda ake haƙo mai da gas a tsakiyar gonaki. Ban taɓa ganin wuri mai faɗi da rashin mutane irinsa ba. Sai ki yi tafiya a mota har barci ya ɗauke ki, ki farka, ba ku wuce gida ko ɗaya ba, sai shanu da waya da alkama. Ko'ina ga injinan nan masu zuƙo mai, masu dogon wuya, suna sunkuyawa suna ɗagowa kamar masu ruku'un da ba ya kai wa sujada. Can nesa wutar gas tana ci a kan dogon bututu, ba ta mutuwa, ba kuma mai dafa komai a kanta. In iska ta juyo, warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke biyo ki har bakin tukunya.

Gidajenmu na kwano ne masu taya, guda biyu, a bayan gonar wani tsohon Bature da muka sa wa suna Baba Dogo. 'Ya'yansa duk sun tafi birni, daga shi sai matarsa sai kare. Gida ɗaya namu, ɗayan na Fuseini abokin aikin Malam, shi da amaryarsa Adiza, 'yar zangon Kumasi. In kin cire ta, babu wata mace da zan yi wa Hausa ta amsa mini.

Da ma kin ga Adiza a lokacin. Farce zaƙo-zaƙo da jan fenti, 'yar mai kantin atamfa, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Ranar da ta ga kwaɗo a bakin famfo, kan mota ta haye. Amma tana da Turanci, ni kuwa daga gaisuwa sai murmushi. Duk abin da Baba Dogo zai faɗa ta bakinta nake ji, in sun yi dariya sai in jira a fassara mini, kafin ta iso ta huce. Tun a nan abin ya fara sosa ni.

Da sanyi ya wuce, Baba Dogo ya nuna mana wani fili a bayan rumbunsa na ƙarfe, ya ce mu yi abin da muka ga dama da shi. Fartanya babu, Malam ya lanƙwasa bakin wani tsohon shebur ya gyara masa ƙota. Na sare wurin, na ja layi, na kwance bakin zanena. Adiza na tsaye a kaina da lema.

"Yaya Hansai, wannan abin mai kama da kashin ɓera shi ne miyar?"

"Shi ne. Matsa, kina tare mini iska."

"Ba ni kaɗan in gwada. Zuba mini a murfin nan."

"Ba a zubawa a murfi. Buɗe hannunki."

Na gaya mata yadda Inna ta gaya mini. Irin gidanmu ba a aika shi, ba a ba ɗan saƙo, ba a ajiyewa a ce je ki ɗauka. Mai so ta zo da ƙafarta, ta buɗe tafinta, mai shi ta zuba mata da bismilla. Haka Inna ta karɓa a wurin uwarta. Adiza ta yi dariya har lemar ta karkace, ta ce, "Ashe iri ma sai an je ofishin jakadanci." Amma ta buɗe hannun. Ramin da ta haƙa kamar za ta binne kaza, sai da na bi na tono na sake mata.

Ta tsiro, layina da layinta. Daga nan sama ta ƙi. Hadari yakan taso da la'asar baƙi ƙirin, har in ruga in kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi kamar an kori kaji. Iskar wurin nan ba ta hutawa, kuma mai zafi ce, kamar kin buɗe tanda kin sa fuska. Gidan kwano ya koma tukunya, sai mu jiƙa zane mu rataya a ƙofa, kafin ki juya ya bushe ƙamas. Ciyawa ta zama launin buhu. Ƙasa ta tsattsage har kina iya zura hannu. Baba Dogo ya fara sayar da shanunsa, mota na zuwa tana kwasa, shi yana tsaye da hularsa a hannu.

Sai famfon rijiya ya fara tari. Ki murɗa, ya yi kakari, ya tofo ɗan jan ruwa, ya yi shiru. Abin da ya fi ci mini rai, mazanmu ruwa suke ɗauka. Tun da safe tankoki ke wucewa ta bakin gidan, cike maƙil, ana kai wa wurin haƙa. Har rijiyar mai sai da na yi wa hassada. Na ce wa Malam ya ɗan buɗe mini bututu a bayan gida, ya ce, "Wannan ruwan ko kare ba ya sha. Kuma so kike a kore ni."

Sai muka tsara wa kanmu. Alwala a kan baho ake yi, kowa da kowa, har mazan. Ruwan wankin shinkafa ba a zubarwa. Kwanuka da yashi muke goge su don kada sabulu ya shiga. Ina goyon Sadiya lokacin, ruwan ɗaurayarta ma ba ya faɗuwa ƙasa a banza. Kafin rana ta fito mu ɗauki bahon mu bi layi da ludayi, muna zubawa a gindi, mu rufe da busasshiyar ciyawa. Da hantsi mu kafa sanduna mu shimfiɗa tsofaffin zannuwa a kai. Zanen aurena ma sai da ya yi wa yakuwa inuwa. Farcen Adiza suka bi suka kakkarye, tana hawaye tana ɗaukar baho. Ni na koya mata yadda ake duba ganye a gane ƙishi ne ko rana ce kawai ta sa ya langwaɓe. Ni na koya mata tsinke kai don ta yi rassa, da yadda ake cire ganye tun kafin fure. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Ana cikin haka aka tsayar da haƙa a wasu wuraren, aiki ya ragu, mazan suka koma zaman inuwar tanka suna sauraron rediyon da ba ya kamawa. Gari da nisa. Muna zaune a kan mai, amma man zuwa gari ya gagare mu. Buhun shinkafa ya kwanta. Wata rana na leƙa rumbun Baba Dogo sai na ga dawa, ja, 'yan ƙanana, irin gajeriyar nan da suke nomawa iya ƙugu. Na tambaya ta bakin Adiza, ya ce abincin shanu ne.

"Gaya masa mu ma shanun ne," na ce. "Ya ɗibar mana."

Turmi babu. Injin markaɗen Adiza na kayan aure muka sa, yana ƙauri muna hutar da shi. Tuwon ya fito da tsaki-tsaki, amma da muka tsinko ganyen farko na mai lalle muka kaɗa miya da markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba, Fuseini ya ci har ya suɗe kwano. Malam kuwa ya juya mana baya, wai tsami ne ya kawo masa hawaye.

Sannan fara ta sauka. Ki taka ciyawa, su tashi su bugi fuskarki. Baba Dogo ya zo yana magana da ƙarfi yana nuna gonarsa, Adiza ta ce wai tasa ta ƙare, abin da rana ta bari su za su ƙarasa. Ni kuwa nama na gani. Na sa ta tambaye shi ko ya fesa magani a makiyayar baya, ya ce da me zai saya. Da sassafe, lokacin da fikafikansu ke da nauyi, na fita da rigar matashi ina tsinta a jikin waya. Na tafasa, na cire fikafikai, na shanya a kan rufin mota, na soya da gishiri da barkono.

"Yaya, mu a gidanmu ba ma cin abin da ke tsalle," in ji Adiza.

Kafin la'asar na kama ta a bayan ƙofa da hannu cikin kwano. Baba Dogo ma ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana kallonta, ya tauna, ya faɗi wata magana. Adiza ta ce wai yau ce ranar farko da ya rama.

Yunwa ba ita ta kore ni daga wurin nan ba, shirun ne. Ni mace ce mai son a shigo a fita, a yi sallama, a ce ina gajiya. Can ba kiran salla, ba suna, ba biki, ba wadda za ta aiko a sam mata gishiri. Sai kukan inji da iska. Wani ɗan garinsu Malam da ke tuƙin tasi a nan ya ce akwai wuri in muna so, ni kuma na kama maganar ban sake ta ba.

Wajen ƙarshen zafin, hadari ya taso da wani launi kore-kore da ban taɓa gani ba. Muka fito da duk wani abu mai baki, baho, tukwane, har bokitin shara. Abin da ya sauko ƙanƙara ce, kamar ƙwan zabi, tana dukan kwano har ba kya jin mai magana a kusa da ke. Ba ta daɗe ba. Da muka fita, zannuwan sun yayyage, yakuwa ta zama jajayen tsinkaye a tsaye cikin fari. Na tsaya na kalla, na juya na ce wa Malam, "Ɗaure kaya." Adiza kuwa ta durƙusa tana tattara ƙanƙarar da hannu tana tarawa a gindin kowane tushe.

"Ke, ta mutu," na ce.

"Ai ruwa ne, Yaya. Ke kika ce ba a barin ruwa ya tafi a banza."

Ranar da za mu tafi aka yi ruwan gaske, mai laushi, tun safe. Ƙanshin ƙasa ya tashi irin na gida sak, har na ji kamar in ɗiba in sa a baki. Ina cikin mota da ɗan sauran irin a bakin zanena, na waiwaya na ga Adiza tsaye cikin ruwa, ba lema, tana ɗaga mini hannu mai guntayen farce. Bayan mun zauna a nan, sanyi na shirin shigowa, ta bugo waya. "Yaya Hansai, ta farfaɗo, har ta yi fure. Layinki ya fi nawa cika."

Sauran kya iya ƙarasawa da kanki. Aiki ya dawo. Baba Dogo ya tsufa, ya ba su hayar filin, daga baya ya sayar musu da shi har da makiyayar. Fuseini yanzu tankokin nasa ne. Adiza na da awaki, da zabi, da doguwar rumfar leda saboda sanyi. Ni ina can saman bene, in lif ɗin hawa ya lalace gwiwata ce ke biya. Ban ce ban samu ba. Masallaci na kusa, yara sun yi karatu, in na yi atishawa maƙwabciya ta amsa mini ta bango. Abin da na zo nema na same shi. Amma duk hoton da ta aiko, sai in kifa wayar a kan gado. Ta gayyace ni har ta gaji, ni kuwa kullum da uzuri, yau gwiwa, gobe jika.

Makon jiya na shiga kantin wani Alhaji mutumin Maraɗi a wajen Fordham Road sayen daddawa.

"Hajiya Hansai, kin zo a sa'a. Yakuwar Adiza ta iso da safen nan."

Kwali ne a buɗe, ɗauri-ɗauri, kara ja jawur. Wata mata 'yar Ghana tana cika leda tana cewa duk Amurka babu mai hannun Hajiya Adiza, wai a jininsu yake, daga Kumasi ta zo da irin.

"Daga Kazaure," na ce. "Ta Innata ce. Ni na zuba mata a hannu. Ko rami ba ta iya haƙawa ba."

Matar ta dube ni daga sama har ƙasa ta ci gaba da cika ledarta. Alhaji ya yi dariya.

"Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Amma wa ya tsaya ya yi ban-ruwa? In sa miki ɗauri?"

Na saya. Ki ji fa, na sayi yakuwar uwata. Na kawo gida na baje a tire ina bin kowane reshe ko zan ga ƙwallo ɗaya da ya ƙosa. Babu. An cire ganyen tun kafin fure, yadda na koya mata. Na sa kara a kwalbar ruwa ko zai yi saiwa, ya yi yauƙi ya ruɓe. Miyar dai na yi, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta fi ta bokitina. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Shekaranjiya bayan la'asar na buga mata. Kafin ta yi magana na ji zakara, na ji akuya, na ji injin nan yana ta ruku'unsa can nesa.

"Yaya Hansai. Yau wace rana ce? Ko wayar ce ta danna kanta?"

"Ke dai ba kya girma. Ina Fuseini, ina yara, ya zafi?"

Muka yi gaisuwa har ta ƙare, na ɗauko wata. Har lafiyar awaki sai da na tambaya. A ƙarshe na ce, "Mai lalle ta bushe mini. Duka. In kina aiko wa Alhaji kaya, ki sa mini ɗan iri a ciki."



"Ayya. Sannu, Yaya, wallahi ban ji daɗi ba." Ta numfasa. "Amma ba a aikawa."

"Adiza, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. An roƙe ni daga ko'ina, ban taɓa sa shi a kwali ba. Ramatu 'yata da za ta yi aure, sai da ta durƙusa a bakin layi ta buɗe hannu. Na gaya mata na Kakarta ta Kazaure ne. Yanzu a kanki zan fara karya wa Inna magana?"

Kakarta ta Kazaure. 'Yar Adiza ta san Innata. Tawa Sadiyar, da na gaya mata yakuwa ta mutu, da Turanci ta amsa mini, wai za ta sayo mini fure a madadi.

"Ki bari sanyi ya kusa, ƙwallo ya bushe," in ji Adiza. "Ki zo da ƙafarki. Shebur ɗin nan da Malam ya lanƙwasa yana nan a rataye. Layinki ma yana nan, sai dai yanzu da mota ake bin sa."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

To ga inda nake. Na wanke bokitan, na cika su da sabuwar ƙasa, na ajiye su a jikin tagar ɗaki inda ba mai taɓa mini. Sadiya ta ce za ta yankar mini tikiti in na shirya. Jirgi ba shi ke ba ni tsoro ba. Tsorona in sauka daga mota in ga ja ya tafi har inda ido ya tsaya, a filin da ni na fara sara, in ce "Ma sha Allah," Adiza kuma da ta san muryata ta ji abin da ke ƙarƙashi. In kuwa na zauna, mai lalle ta bar gidanmu ke nan, ta zama ta mutanen Kumasi.

Ke da kika zauna kika ji ni har ƙarshe, gaya mini gaskiya: in ke ce, za ki iya tsayawa a tsakiyar gonar nan ki buɗe wa Adiza tafin hannunki?